Digirin Farko a Fannin Kiɗa: Manufarsa, Sharuɗɗansa, da Yadda Ɗalibi Zai Shirya Masa

A ƙasar Hausa hanyar koyon kiɗa sananniya ce, wato gado ko bin ubangida. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa idan za a tafi gidan biki ko fada, daga nan a ba shi kanzagi ya riƙa bin manyan ganguna, sannan ya shiga sahun 'yan amshi, har ranar da ubangidansa zai sallame shi ya kafa tasa ƙungiyar. Ta wannan hanya Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya taso, kuma babu mai hankalin da zai raina ta. Sai dai akwai hanya ta biyu wadda matasanmu da yawa ba su san da ita ba, ko kuma sun ji labarinta sama-sama, ita ce karatun digirin farko a fannin kiɗa a jami'a. A Najeriya wannan karatu ya fara ne a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda ta buɗe sashen kiɗa a 1961, ta kuma laƙaba masa sunan Fela Sowande, shahararren mai tsara kiɗa kuma gwanin ogan, wani kayan kiɗa mai maɓallai irin na fiyano. Daga baya jami'o'i irin su Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da Nnamdi Azikiwe da ke Awka, da Jami'ar Uyo, da ta Fatakwal, da ta Jihar Delta da ke Abraka suka buɗe nasu sassan. A Jami'ar Legas kiɗa yana ƙarƙashin fannin fasahohin ƙirƙira, a Ilorin kuma yana tare da rawa da wasan kwaikwayo. Wanda ke zaune a Gana yana da jami'o'in da ke Legon da Cape Coast da Winneba.

Abin da karatun yake son cimmawa

Wajibi ne mai neman wannan gurbi ya gane tun farko cewa jami'a ba ta yi wa kowa alƙawarin shahara ba. Wanda burinsa shi ne waƙarsa ta karaɗe gidajen biki da wayoyin jama'a cikin wata shida, situdiyo ya fi masa sauri, kuma ya fi masa araha. Abin da digirin yake nufin samarwa shi ne mutumin da kunnensa ya horu har yana iya rarrabe sautuka ɗaya bayan ɗaya, wanda zai ji kiɗa ya rubuta shi a takarda, ya kuma ɗauki takardar da wani ya rubuta a wata ƙasa shekaru ɗari biyu da suka wuce ya rera ko ya kaɗa abin da ke cikinta ba tare da ya taɓa jin sa ba. Ana kuma son ya iya kayan kiɗa aƙalla biyu, ya iya tsara kiɗa na kansa, ya iya jagorantar ƙungiya, ya san tarihin kiɗan Afirka da na Turai, sannan ya iya yin bincike ya rubuta bayani mai hujja a kan dalilin da ya sa wani kiɗa yake yadda yake.

A nan ne ya kamata a rarrabe wannan karatu da wanda aka fi sani a Arewa. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo sun yi aiki mai yawa a kan waƙar baka, kuma masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun shimfiɗa hanyoyin nazarin turke da salo da gindin waƙa da ɗiyanta. Amma nazarin sashen Hausa ya fi karkata ga kalmomi, wato abin da mawaƙi ya faɗa da yadda ya sarrafa harshe. Sashen kiɗa kuwa sautin ne kansa yake bi: tazarar da ke tsakanin wannan amo da wancan, inda kalangu ke shigowa, bugu nawa 'yan amshi ke jira kafin su karɓa, da yadda rauji ke hawa da sauka. A ganina wannan ɓangare na biyu shi ne aka bari a baya a nazarin kiɗanmu, kuma shi ne babban dalilin da zai sa Bahaushe mai basira ya ɗauki wahalar tafiya Nsukka ko Ile-Ife.

Sharuɗɗan samun gurbi

Hanyar da aka fi bi ita ce ta jarrabawar JAMB, wadda ke kai ɗalibi aji ɗaya, ya yi shekara huɗu. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Ingilishi, a zama ɗaya ko biyu. A jarrabawar JAMB ɗalibi yana ɗaukar darussa huɗu, Ingilishi dole ne, jimillar maki kuma 400 ce. Tambayar da ta fi damun ɗaliban Arewa ita ce ko dole ne mutum ya sami kiredit a darasin kiɗa, domin makarantun sakandare ƙalilan ne a yankinmu suke koyar da shi. Amsar ta danganta da jami'a. Wasu sassan suna yafe wannan sharaɗi idan mai nema ya ci gwajin ƙwarewa da sashen ke shiryawa, wasu kuma suna karɓar takardar shaidar hukumomin jarrabawar kiɗa a madadinsa. Saboda haka kada kowa ya dogara da jita-jita ko da abin da mai shagon kwamfuta ya gaya masa wajen cike fom. A buɗe littafin bayanin kwasa-kwasai na JAMB na shekarar da ake ciki, a karanta layin jami'ar da ake so tare da ƙarin bayanin da ke gefensa, sannan a kira sashen ko a rubuta masa a tabbatar.

Hanya ta biyu ita ce shiga kai tsaye zuwa aji biyu, ga wanda yake da NCE ko difloma a fannin kiɗa, ya yi shekara uku. Wanda bai taɓa ganin rubutun kiɗa ba, kuma ba ya cikin gaggawa, wannan hanya ta fi masa sauƙin hawa, domin kwalejin ilimi tana farawa ne daga tushe, kuma ɗalibi yana fita da takardar koyarwa a hannunsa ko da bai ci gaba ba.

Takardun shaidar da aka ambata a sama suna da amfani ƙwarai ko da jami'a ba ta neme su ba. Hukumar ABRSM ta Ingila da kwalejin Trinity ta Landan suna shirya jarrabawa mataki-mataki, daga na ɗaya zuwa na takwas, a ka'idojin kiɗa da kuma kaɗa kayan kiɗa. Ƙungiyar MUSON da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983, ita ma tana da nata jarrabawowin da makarantar difloma. Wanda ya kai mataki na biyar a ka'idoji kafin ya shiga jami'a zai sami aji ɗaya da sauƙi, ya mayar da hankalinsa kan kayan kiɗansa.

Gwajin ƙwarewa da yadda ake shirya masa

Wannan shi ne wurin da ya kamata a fi ɓata lokaci a kansa. A ranar gwaji mai nema yakan tsaya gaban malamai biyu ko uku, a ce ya rera ko ya kaɗa abin da ya shirya. Bayan haka wani malami zai zauna a gaban fiyano ya danna sauti ɗaya, ya ce a maimaita shi da murya. Sai ya danna biyu, ya tambayi wanne ya fi tsayi. Sai ya kaɗa gajeren rauji ya ce a rera shi, ya tafa wani bugu da hannu ya ce a tafa irinsa. Wasu sassan sukan ƙara da gajerar jarrabawa a rubuce. Malaman ba cikakken gwani suke nema ba, da gwani ne ai da bai zo koyo ba. Kunne suke aunawa, da riƙe bugu, da alamar cewa mutum zai karɓi gyara.

Ɗalibin da ya taso a cikin ƙungiyar mawaƙan coci yana zuwa wannan gwaji da riba, domin tun yana yaro yake rera do, re, mi, fa, so, la, ti, kuma ya saba jin muryoyi huɗu suna tafiya tare. Wanda ya taso a Kano ko Katsina ko Gusau bai sami wannan ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗi haka. Giɓi ne da ake cike shi cikin shekara guda idan an dage. Mataki na farko shi ne a sami ƙaramin fiyano na lantarki, ko da na hannu ne mai maɓallai 61, domin cikakken fiyano mai maɓallai 88 ya fi ƙarfin aljihun mafi yawan ɗalibai. A koyi sunayen maɓallan, a koyi hawa da saukar tsanin sauti da hannu biyu, kuma duk sautin da aka danna a rera shi da baki a lokaci guda. Rabin sa'a kullum ta fi sa'a biyar a ranar Lahadi kaɗai, saboda yatsu da kunne da maimaici suke koyo.

Mataki na biyu shi ne karatun rubutun kiɗa. Layuka biyar ne a jere, da sarari huɗu a tsakaninsu, kuma wurin da aka ɗora ɗigo shi ke nuna tsayin sauti, siffar ɗigon kuma ita ke nuna daɗewarsa. Wanda ya yi karatun allo ya kuma koyi tajwidi ba baƙo ba ne ga wannan tunani, domin ya riga ya san cewa alama a takarda tana iya cewa a ja sauti gwargwadon motsi biyu ko huɗu ko shida. Manhajar MuseScore kyauta ce, kuma tana kaɗa wa mutum duk abin da ya rubuta, don haka zai ji kuskurensa da kunnensa nan take. Bayan wata uku ko huɗu, sai ɗalibi ya fara ɗaukar amshin waƙoƙin da ya haddace tun yana yaro, na gaɗa ne ko na dandali, ya nemo su a kan fiyano, ya rubuta su. Babu atisayen da ya fi wannan amfani, domin yana haɗa abin da kunne ya riga ya mallaka da sabon ilimin da ido ke koyo.

Game da abin da za a gabatar a gwajin, shawarata ita ce a shirya abu biyu. Ɗaya ya zama ɗan gajeren kiɗa mai sauƙi daga rubutu, domin a nuna an fara karatun. Ɗayan kuma ya zama abin da mutum ya fi iyawa a duniya. Idan gurmi ne ko kukuma ko sarewa ko kalangu, a tafi da shi, kada a ɓoye shi don ganin wasu sun zo da jita da kakakin Turawa. Malamin da ya saurari fiyano sau talatin tun safe ba zai manta da wanda ya shigo da garaya ba.

Tsarin shekaru huɗun

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke shimfiɗa mafi ƙarancin abin da za a koyar. A sabon tsarin da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, ta tsara kashi 70 cikin ɗari na manhaja, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Ana buƙatar aƙalla yunit 120, wato ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, ga wanda ya shiga ta JAMB, da 90 ga wanda ya shiga kai tsaye. Akwai kwasa-kwasan da kowane ɗalibin jami'a ke yi, irin su Ingilishi da al'adun Najeriya da dabarun kasuwanci, waɗanda ba sai an tsaya a kansu ba. Matakin digiri kuma kamar na kowane sashe ne: matsakaicin maki 4.50 zuwa 5.00 shi ne daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu babba, 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ƙarama.

Ƙashin bayan karatun shi ne ka'idojin kiɗa da jituwar sautuka, wanda ake yi daga aji ɗaya har zuwa ƙarshe. Ana ba ɗalibi rauji guda, a ce ya rubuta masa muryoyi uku a ƙarƙashinsa, ta yadda manya da ƙananan muryoyin mata da na maza za su tafi tare ba tare da sun yi karo ba. Akwai dokoki masu tsauri, waɗanda aka tsamo daga ayyukan irin su Bach, Bajamushen mai tsara kiɗa da ya rasu a 1750, kuma malami zai zagaye kuskure da jan biro kamar yadda malamin lissafi ke yi. Ɗalibai da yawa sukan yi gunaguni cewa wannan ba kiɗansu ba ne, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Amma horon da ake samu na bin layuka huɗu a cikin kai a lokaci guda shi ne zai yi amfani ranar da mutum zai zauna ya warware yadda kotso uku ke amsa wa juna.

Horon kunne da rera rubutu nan take yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan. Malami zai kaɗa abu sau uku ko huɗu, ɗalibai su rubuta. Wannan kwas ne da ba a iya yi masa karatun dare ɗaya, kuma shi ne yakan kayar da waɗanda suka saba da haddar takarda ana gobe jarrabawa.

Kowane ɗalibi yana zaɓar babban kayan kiɗa da ƙarami, murya ma ana lissafa ta cikin kayan kiɗa. Fiyano kuwa kusan dole ne ga kowa, ko da ba shi ne babban zaɓinsa ba. A ƙarshen kowane zango ɗalibi yana tsayawa gaban kwamitin malamai ya kaɗa abin da aka ba shi, su ba shi maki. Haka nan dole ne ya shiga ƙungiyoyin sashe, wato ƙungiyar mawaƙa, da badujala, da ƙungiyar kayan kiɗan Afirka. Atisayen waɗannan ƙungiyoyi yakan ci yammaci da ƙarshen mako, kuma rashin halarta yana rage maki. A nan akwai abin da ya dace ɗalibi Musulmi ya sani tun kafin ya tafi: babban kaso na waƙoƙin ƙungiya da aka gada daga Turai an tsara su ne domin coci, kuma sassa da yawa suna rera su a matsayin darasi. Ya kamata ya yi tunani a kan wannan, ya yi shawara da iyayensa da malamansa, ya kuma tambayi shugaban sashe irin sassaucin da ake yi, maimakon ya tarar da abin a tsakiyar zango.

A ɓangaren tarihi ana bin zamunan kiɗan Turai ɗaya bayan ɗaya, a saurari Mozart da Beethoven da sauransu, a koyi gane su da kunne. Sannan a zo kan 'yan Najeriya da suka ɗauki waccan fasaha suka zuba mata kayan gida, irin su Sowande da Ayo Bankole da Akin Euba, wanda ya yi fice da ra'ayin a kaɗa fiyano kamar yadda ake kaɗa ganga. Ana kuma nazarin kiɗan zamani, daga hailaif zuwa juju da fuji da kiɗan Fela Kuti, wanda shi kansa ya je Landan a 1958 ya yi karatun kiɗa a kwalejin Trinity. A kwas ɗin kiɗan Afirka babu ɗalibin da zai kauce wa sunan J. H. Kwabena Nketia, masanin kiɗan Afirka ɗan ƙasar Gana. A nan ne kuma ake koyar da rabe-raben kayan kiɗa bisa tsarin da Hornbostel da Sachs suka fitar a 1914, wanda ya kasa su gida huɗu gwargwadon abin da ke girgiza ya ba da sauti. Idan aka ɗora kayanmu a kai, tambari da taushi da kotso da jauje suna gidan masu fata, goge da molo da kuntigi suna gidan masu tsirkiya, kakaki da algaita da farai suna gidan na busa, ƙwarya da kuge da caki kuma suna gidan waɗanda jikinsu ne da kansa ke yin amo.

Fasahar ɗaukar sauti ta shiga manhaja, sai dai kayan aiki sun bambanta daga sashe zuwa sashe. Wanda ya riga ya saba da manhajojin haɗa sauti irin su FL Studio ko Cubase a situdiyon unguwa ya zo da abin hannunsa, abin da zai ƙaru da shi shi ne sanin dalilin abin da yake yi.

Jarin da Bahaushe ke zuwa da shi

An yi maganar giɓi, ya dace a yi maganar jari. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai magana da shi yana rarrabe hawa da saukar murya tun kafin ya san yana yi. Kalmar kuka idan an ɗaga gaɓoɓinta biyu hawaye ake nufi, idan kuwa an sauke ta biyun itaciya ce. Wannan ne ya sa kalangu ke iya magana, domin makaɗi yana matse tsarkiyar da hammatarsa ya ɗaga sauti, ya sassauta ya sauke shi, har mai sauraro ya gane taken da ake kaɗa wa mahauci ko ɗan dambe ba tare da an furta kalma ba. Abin da wani ɗalibi zai karanta a littafi a matsayin ka'ida, Bahaushe ya ji shi a ƙofar gidansu.

Amma da zarar ya zo rubuta wannan kiɗa zai gamu da matsala mai daɗi. Fiyano ya raba tazarar da ke tsakanin sauti da takwaransa na sama gida goma sha biyu daidai wa daida, kuma rubutun layuka biyar an gina shi ne a kan wannan rabo. Waƙoƙinmu na gargajiya da yawa suna tafiya ne a kan tsani mai matakala biyar, kuma matakalan ba lallai su faɗa daidai kan maɓallan fiyano ba. Mai goge yana zamewa daga sauti zuwa sauti, kalangu yana lanƙwasa amo bayan an buge shi, jagora kuma yakan ja ɗan waƙa yadda ya ga dama alhali ganguna suna riƙe da bugu ɗaya ba su gusa ba. Ɗalibi mai rauni zai tanƙwara kiɗan ya shiga takarda, ya ce makaɗin ne bai daidaita ba. Ɗalibi nagari zai ƙirƙiri ƙarin alamomi, ya bayyana su a farkon aikinsa, ya auna sautukan da na'ura, ya nuna cewa makaɗin yana bin wani ma'auni ne na daban. Irin wannan aiki shi ake kira bincike, kuma filinsa a buɗe yake. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Fremont Besmer ya yi nazarin kiɗan fadar Kano, amma idan aka kwatanta da abin da aka rubuta a kan gangunan Yarabawa, namu bai taka kara ya karya ba.

Shekarar ƙarshe

A aji uku ko huɗu ɗalibi yakan karkata ga reshe ɗaya: gabatar da kiɗa, ko tsara shi, ko nazarinsa, ko koyar da shi, ko fasahar sauti. Wanda ya zaɓi gabatarwa zai shirya taron kiɗa na kansa a gaban jama'a da malamai, wanda ya zaɓi tsarawa zai miƙa rubutattun ayyukansa a kuma kaɗa su. Kusan kowa zai rubuta kundin bincike ƙarƙashin malami mai dubawa, sannan ya kare shi da baki.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaɓen batu mai faɗi, irin su kiɗan Hausa jiya da yau. Gara a ɗauki abu ƙarami a yi masa zurfi, misali taken tambari a fada ɗaya, ko yadda 'yan amshi ke karɓa a waƙoƙi biyar na Mamman Shata, ko kiɗan ƙwarya na mata irin na su Barmani Coge, ko yadda ake haɗa goge tun daga fafe ƙoƙo, da shimfiɗa masa fatar guza, har ɗaura tsirkiyar izgar doki. Idan binciken ya shafi fada, ba a faɗa wa makaɗa kai tsaye. Ana bi ta hannun wanda ya dace, a gabatar da takardar sashe, a gaishe da sarkin makaɗa, a riƙe goro, a kuma nemi izini kafin a kunna na'ura. A tuna cewa makaɗi da wannan sana'a yake ci, don haka yinin da ya ba ɗalibi yini ne da bai fita nema ba. A rubuta sunan kowane mai kiɗa, da wurin, da ranar, da dalilin taron, a ajiye sautin a wuri biyu ko uku, domin wayar da ta faɗa ruwa ta sha cinye aikin shekara guda. Zai fi kyau a fara wannan tattarawa tun hutun aji uku, saboda bukukuwan salla da naɗin sarauta ba sa jiran kalandar jami'a.

Kuɗi, iyaye, da aikin yi

Karatun yana da ɗawainiyar da sauran kwasa-kwasan tsangayar fasaha ba su da ita. Ɗakunan atisaye da kayan kiɗan sashe ba sa isar kowa, don haka ɗalibi yana buƙatar nasa, tare da tsirkiyoyi da kayan gyara, da tufafin fita taro, da kuɗin buga takardun kiɗa. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana taimakawa a kuɗin makaranta ga ɗaliban makarantun gwamnati, amma kayan kiɗa sai mutum ya yi tanadinsu.

Iyaye da yawa za su ji kalmar kiɗa su tuna da roƙo, wasu kuma su kawo maganar addini, wadda malamai suka daɗe suna saɓani a kanta. Gardama ba ta cika yin amfani a nan ba. Abin da ya fi shi ne ɗalibi ya kawo manhajar a takarda, ya nuna musu kwasa-kwasan, ya kuma faɗi inda masu wannan digiri ke aiki. Suna koyarwa a makarantu da kwalejoji, suna shiga badujalar soja da ta 'yan sanda, suna aiki a gidajen rediyo da talabijin da majalisun raya al'adu na jihohi, suna tsara sautin fina-finai da tallace-tallace, wasu kuma suna buɗe situdiyo. Masana'antar fina-finan Hausa tana cike da masu basira da suka koyi fiyano da ka, kuma tana da buƙatar wanda zai iya rubuta kiɗan fim tun daga farko har ƙarshe, ya haɗa gurmi da algaita da kayan zamani ba tare da ɗaya ya danne ɗaya ba.

Wanda yake son koyarwa a sakandare, idan digirinsa ba na ilimin koyar da kiɗa ba ne, zai ƙara da difloma ta koyarwa bayan digiri, sannan ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wanda yake son zama malamin jami'a yana buƙatar aƙalla daraja ta biyu babba domin samun sauƙin shiga digiri na biyu. Wanda kuma zai rayu da abin da ya tsara, ya karanta Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tun yana aji uku, ya riƙa ajiye kwafin kowane aiki da kwanan wata, kuma kada ya miƙa wa furodusa ko mai talla kiɗansa sai da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi wanda ya mallaki kiɗan, da tsawon lokacin da za a yi amfani da shi, da kuɗin da za a biya.